Ranar da Bahago Ya Ɗauke Tsani

Duk wanda ya zauna a layinmu na Ƙofar Gayan ya san muryar Malam Isma'ila kafin ya san fuskarsa. Ni kam katangarmu ɗaya da shi tun da aka kawo ni gidan nan ina amarya, yanzu ga ni da jikoki, don haka ba ji-ta-ji-ta zan ba ku ba. Maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu, yini yake a zaure ƙafa a miƙe, riga a cinya. Ba shi da mota, ba shi da sarauta, bai je Makka ba. Abin da Allah ya ba shi soro ne.

Soron zaure ne na ƙasa, dogo, gadon mahaifinsa. In ka hau kansa, filin ƙwallon wata 'yar kwaleji da ke bayan ganuwa yana shimfiɗe a gabanka, raga zuwa raga, ba abin da zai tare maka. Kwalejin tana da abokiyar hamayya can ƙetaren kogi, kuma duk shekara sai sun kara. Mu a unguwa ba ma wahalar da bakinmu da dogayen sunayensu, 'yan gida da 'yan ƙetare kawai muke cewa. Shi Isma'ila ko ƙofar kwalejin bai taɓa shiga ba. Yana saurayi ya hau yin yaɓe gab da damina, ya hango ana wasa, ya saki baki har ƙasar ta bushe a hannunsa. Tun daga nan ƙwallo ta shiga jininsa.

Ya sa kafinta ya yi masa tsani na musamman, mai kauri, wanda ko ƙaton mahauci ya taka ba zai yi ƙara ba. Yana shafe shi da baƙin mai saboda gara, kuma wallahi ban ga yana kula da takalminsa haka ba. Ranar wasa tun hantsi zai kafe zana ta ɓangaren gidajenmu, ya hau da tabarmi, matarsa Larai ta cika bokiti da zoɓo. Sannan ya tsaya a gindin tsanin ya buɗe maƙogwaro:

"Salamu alaikum maƙwabta! A kimtsa, za a hau sama!"

Haka tsarin birni yake. Namiji ba ya hawa soro ko bishiya bai yi shela ba, domin tsakar gidan mutane zai gani. Muna jin muryar sai mu ja mayafi ko mu shige ɗaki har su gama hawa su zauna bayan zana. Dattawan layi kaf can suke taruwa, irin su Malam Audu tsohon ma'aikacin gidan ruwa, da Sagiru mai shayi da ke rufe teburinsa saboda ranar. A ƙasa Isma'ila maɗinki ne kawai. A sama kuwa shi ke cewa wane zauna nan, wane matsa can, shi ke yanke hukuncin ko bugun fanareti ne ko alƙalin wasa ya ci amana, kuma ba mai musa masa.

Sai faɗa ya ɓata abin. Wata shekara 'yan gida suka je ƙetare aka farfasa musu gilashin mota. Da 'yan ƙetare suka zo nan, aka rama da jifa, dutse ya sami alƙalin wasa a ƙeya, ɗan Sagiru ma ya koma gida da ɗinki a goshi. Shugabannin kwalejojin suka zauna suka ce daga yanzu ba gidan kowa, a koma filin da ba ruwansa da kowa. Aka zaɓi wani fili can wajen Ƙofar Galadima.

Ina daga tsakar gida ina jin musun da ake tafkawa a zaure. Malam Audu ya ce, "Gaskiya Malam, an yi dabara. Alƙali zai busa usur ba ya waiwayen bayansa, baƙi kuma su zo su tafi da haƙoransu."

Isma'ila ya ce, "Dabarar banza! Wasa ba masu gida, wa zai ji kunyar wa? Yaran nan sun san kowane rami na filinsu. Masu rake da gyaɗa da ke cin abinci a bakin ganuwa fa, su bi su da tire a ka? Tsoho mai ciwon gwiwa fa?"

Sagiru ya ce shi dai goshin ɗansa ya fi masa rake.

Maganganun Isma'ila duk da gaskiyarsu, ban ƙi ba. Amma ni na san inda ke masa ƙaiƙayi. Sabon filin a bayan gidan Bahago yake, Bahago kuwa ɗan kawunsa ne, taubashinsa, wanda tun suna yara suke wasan tsokana, ya ɗauke masa hula a bainar jama'a ba damar fushi. Gawayi yake sayarwa. Mutumin da bai san gola da mai tsaron gida abu ɗaya ne ba, shi Allah ya kai wa fili har gindin soro! Isma'ila ya rame a tsaye. In an ambaci Ƙofar Galadima sai ya soke yatsa da allura. Ya ce soron Bahago yoyo yake, ya ce azarorinsa sun ruɓe, ya ce duk wanda ya hau ya yi sallama da iyalinsa. Da ya ga ba a tanka ba, sai ya rantse a gaban kowa cewa shi ya ma daina sha'awar ƙwallo, aikin yara ne.

Ranar wasa ta zo. Bayan azahar ya ce wa Larai zai tafi kasuwa sayen zare. Ya fito farfajiyar bayan zaure inda tsanin ke jingine, ya duba ba kowa, ya sulale ya hau. Ba zana, ba tabarma, ba shela. To ina zai yi shela, layi duka ya ji wanda ya rantse ya daina ƙwallo ya hau leƙen filin da ba kowa sai awaki? Nufinsa ya ɗan miƙa wuya ko zai hango Ƙofar Galadima, ya ga ko da gaske mutanensa sun tafi, ya sauko.

Bai kai ga saukowa ba sai ga sallamar Bahago, da Malam Audu da Sagiru a bayansa. Isma'ila ya yi maza ya kwanta rub da ciki bayan rawanin soron, wato 'yar gajeriyar katangar da ke kewaye da rufin. Larai ta amsa daga ciki ta ce maigidan ya fita. Bahago ya ce, "Madalla, dama ba shi na zo nema ba. Tsanina duk ya karairaye. In ya dawo ki ce masa ubangidansa ya ɗauki kayansa." Taubashi ne, wa zai hana shi? Suka cicciɓi tsanin suka ɗaure a saman keke mai ƙafa uku. Mai shi yana sama yana jin ƙarar igiya, kalma ɗaya ta ishe shi, amma ya gwammace ya haɗiye ta.

Rashin sa'arsa bai ƙare ba. Ranar ana jibi sunan jikata, tsakar gidana cike da mata, wasu ana musu kitso, wasu ƙafa cikin lalle, ba mai ɗankwali a ka. Ya ɗaga kai ko kaɗan, sunansa ya ɓaci a birni har jikokinsa. Haka ya kwanta, rana na dukan bayansa, ƙasar soro na gasa cikinsa.

Tari ne ya tona shi. Tarin nan nasa mai kama da ana jan kujera, na san shi kamar tarin mijina. Na ɗaga ido sai ga bakin hularsa ta kafar indararo. Kai, dariya ta kusa kashe ni! Na danne, na bar shi ya ƙara gasuwa kaɗan, don ya daɗe yana kora mu ɗaki da muryarsa. Da aka kira la'asar tausayi ya kama ni. Na tattara matan na ce su koma ɗaki iska na busar da lalle, na ɗaura buta a gorar da muke kaɗo mangwaro na miƙa sama.

Na ce, "Malam, ga ruwa. Tsakar gida ba kowa, a yi salla."

Can sai hannu ya fito ya karɓa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Tayyiba, don girman Allah."

Na ce, "In aika a aro wani tsanin?"

Ya ce, "Ki rufa mini asiri. Kowa zai ji."

Bayan salla aka take wasa. Iska na kaɗowa daga wajen Ƙofar Galadima, tana kawo ihun jama'a sama-sama. Mutumin da ya saba ganin kowace ƙafa, yau ga shi kwance yana kallon ƙwallo da kunne. Ya san gangar 'yan gida, ya san kakakin roba da 'yan ƙetare ke busawa. In ganga ta tashi sai in ji ya buga ƙafa, in kakaki ne sai in ji tsaki. Tsakanin nan kuma ba abin da yake ambata sai, "Bahago. Wai Bahago!"

Gab da magariba suka dawo da tsanin suna ta hayaniya. Suka jingine shi inda suka ɗauka, suka tsaya a farfajiya suna maida labari. Da ya yi haƙuri kaɗan su watse, da ya sauko salin-alin, da ni kaɗai na san zancen. Malam Audu ya ce bai taɓa kallo cikin kwanciyar hankali irin na yau ba, ko tsinke ba a jefa ba. Sagiru ya ce soron Bahago ya fi faɗi, ga inuwar darbejiya, ba sai an kafa zana ba. Duk wannan Isma'ila ya shanye. Sai Bahago ya yi hamma ya ce:

"Ni fa ban hau ba, ina ƙasa ina auna gawayi. Wai su wa suka ci ne?"

Ai sai muka ga mutum ya miƙe tsaye a kan soro, riga duk jar ƙasa, hula a karkace, jijiyar wuya a tashe.

"'Yan gida ne, biyu da ɗaya, kai marar rabo! Allah ya kai maka fili har gida kana auna gawayi!"

Matan gidana da suka fito alwala suka kwasa a guje suna salati. Sagiru ya zauna daɓas a ƙasa don dariya. Bahago ya riƙe tsanin da hannu biyu ya ce, "Sauko a hankali, ɗan'uwa. Zaren ya yi tsada ne a kasuwar sama?"

Sai da Larai ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. An yafe, amma sunan Na-Sama ya bi shi har yau.

Wasa bai dawo ba. Shekara ta zagayo ba a fasa kan kowa ba, don haka aka bar shi can. Bahago ya sa aka gina masa matakala ta siminti, ko aron tsanin ba a ƙara zuwa ba. Ya aiko, ya zo da kansa, ya ce an ware wa Isma'ila wuri a gaba, ba mai iya raba musu gardamar fanareti. Isma'ila ya ce shi ba ya hawa soron da ke yoyo.

Bana ma da ranar ta zo, tun hantsi na ji yana kafa zana. Ya hau da tabarmi kamar yadda ya saba, har da ta Malam Audu mai taushi saboda ƙugunsa. Larai ta haɗa zoɓo, amma a jug. Bayan la'asar ya tsaya a gindin tsaninsa ya yi shelarsa da ƙarfi, a kimtsa, za a hau sama. Babbar jikata ta ce, "Hajiya, ai shi kaɗai ne, kuma ba ya ko kallon nan."

Na ce ta ja mayafinta ta wuce ɗaki. Muka zauna a ciki muka ba shi lokaci, daidai yadda muke yi da, lokacin da sai mutum goma sha sun gama hawa.