Awon cinyar ƙanena

Ƙanena direban trotro ne, wato bas ɗin haya a Accra, unguwar Nima zuwa Tudu, Tudu zuwa Nima, tun yana saurayi. Ni tsofaffin tayoyi nake sayarwa a bakin titi a Maamobi. Makaranta ban gama ta ba, amma a gidanmu ni ne ɗan boko. Ni ke karanta takarda, ni ke amsa waya in da Turanci aka bugo.

Kumburin a cinyarsa ta hagu ya fito, ƙafar da yake taka kuloci da ita. Da fari kamar ƙwan kaza, ba ciwo. Ya shafa man kaɗanya, ya sha jiƙo, ya ci gaba da tuƙinsa. Sai da muka yi wata biyar muna faɗa kafin ya bi ni babban asibiti. Suka ɗauki hoto, suka soka allura suka ciro ɗan nama. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta dariya, ta ce sunan abin sarkoma, ciwon daji ne na tsoka. Ta ce in aka cire shi tun bai kama jijiya ba, ƙafar za ta tsira. Suka ba mu ranar aiki.

Kafin ranar ta zo, korona ta shigo. Aka rufe masallatai, aka kulle Accra, aka soke ranarmu.

Gaskiya likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta kira mu asibiti, tana magana ta cikin takunkumi, ta ce rabin ɗakunan tiyata a rufe suke, an kwashe mata nas an kai wajen masu korona. Ba a daina aikin daji ba, amma sai an jera mutane. Wanda nasa ke gudu shi ne gaba, wanda nasa ke tsaye ya jira. Ta ɗauko awo irin na tela ta zagaya cinyar, ta ce inci ashirin da uku, ta nuna mini wurin daidai.

"Ba na so ku riƙa zuwa nan kullum ku kwashi cuta," in ji ta. "Ka auna shi duk mako a nan wurin. Nas za ta bugo maka. In ya ƙaru ko da inci ɗaya, ka faɗa mata, zan dawo da shi gaba."

Na ce to. Abu mai sauƙi.

Ranar Juma'a na ari awo wajen telan gidanmu. Ƙanena yana kwance a tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, ita tana tsintar wake. Na durƙusa ke nan na warware awon, sai ta ajiye tiren.

"Me za ka yi masa?"

"Mma, likita ce ta ce a auna."

"A auna wa? Ranar da ubanku ya rasu da idona na ga an ɗora masa sanda an auna, aka kai wa masu haƙa. Yanzu kai za ka fara auna mini ɗa yana numfashi? Ga mutane ana ta binnewa ba wanka, kai kana kira mana ita har gida?"

"Mma, cinya kawai ce."

"Cinyar ba jikinsa ba ce? Ɗauke wannan abin daga kansa."

Shi kuwa dariya yake yi. Ya ce, "Yaya, bar shi. In dai ba wando za ka ɗinka mini ba, mayar wa mai shi kayansa."

Matan gidan duk sun leƙo. Gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, tari ma in ka yi sai an sani. Na naɗe awon na mayar. Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin, da gemu, da 'ya'ya huɗu, tsohuwa ta daka mini tsawa na naɗe.

Ranar Litinin nas ta bugo. Duk namijin Zango, unguwanninmu na Hausawa, Alhaji ne a wurinsu.

"Alhaji, nawa ka samu?"

Mma tana zaune tana kallon bakina. Turanci ba ta ji, amma fuska tana karantawa. Da zan iya cewa ban auna ba. Kunya ta hana ni, kar a ce 'yan Zango ne, abu kaɗan ma ba su iya ba. Na ce ashirin da uku.

"Madalla, bai motsa ba. Yana jin ciwo?"

Na ce da sauƙi, kamar yadda muke cewa ko mutum yana gargara.

Sau biyar ta bugo, sau biyar na ce ashirin da uku. Kar wani ya ce ban gani ba. Na gani. Wandonsa ya daina hawa, ya koma sa jallabiya. Da zan iya jan shi bayan gida in auna, minti ɗaya ne. Amma wanda ya yi ƙaryar farko, ta biyu ba ta yi masa wuya. Kuma a raina ina cewa ai asibitin ma yanzu wajen mutuwa ne, gara ya jira a gida.

Da aka buɗe gari ya koma mota, don gida ba abinci. Wata rana da hantsi a Adabraka, mota cike, ya taka kuloci ƙafar ta ƙi. Ya ce ji ya yi kamar ta wani ce. Fasinjoji suka sauka suna zaginsa da yaren Twi, wani direba ya kawo shi gida. Ranar ban tambayi kowa ba, na sa shi a tasi muka tafi.

Likitar ta zagaya cinyar da awonta. Ashirin da tara. Ta buɗe katinsa ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo da shi ta nuna mini layin da nas ta rubuta, lamba iri ɗaya har ƙasa.

"Wa ya ba da wannan?"

"Ni ne."

"Ka auna?"

"Ban auna ba."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce saboda wannan lambar ta sa mutum uku a gabansa, ta ɗauka nasa yana barci. Suka sake hoto. Abin ya naɗe jijiyar jini da ta motsi, ba yadda za a raba su. Cikin kwana huɗu kacal suka shigar da shi tiyata. Ashe wuri yana nan ga wanda ya faɗi gaskiya. Suka yanke ƙafar daga can sama.

Ina jin haushin mutanen asibitin har gobe. Ƙafar mutum guda, ku damƙa ta a hannun mai sayar da taya da awon tela, ba wanda ya tambaya ko a gidanmu ana auna mai rai. Mma ta ce ƙaddara ce, kuma har ta rasu bara ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba, ni ma ban haɗa mata ba. Amma baki nawa ne, ni na faɗi lambar.

Yanzu yana tasha a Tudu da sanduna biyu, yana kira wa wasu direbobi fasinja. Kwanaki na kai masa abinci, muna zaune a benci, na ce masa ya yafe mini. Bai ɗago daga kwanon ba.

"Yaya, ina kwance kusa da kai duk sau biyar ɗin. Turancin lamba ai ina ji. Ni ma ina da baki."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Mota ta shigo, ya lalubi sandunansa ya miƙe yana kiran Nima, Nima, Maamobi, ni kuma na tattara kwanon na tafi.