Wanda Ke Amsa wa Kawu Tafi

Kawuna kafinta ne, amma ba mai kiransa kafinta. Mai Tafi ake ce masa. Shekara talatin da wani abu yana manna katako da soso a bangon manyan ɗakunan wasa da na taro, don murya ta isa kujerar ƙarshe ba tare da ta dawo ta dami mai magana ba. In ka ga yadda yake aiki sai ka rantse taɓin hankali ne. Zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya taka har tsakiyar ɗaki, ya tafa hannu, ya rufe ido. Can sai ya nuna wani lungu ya ce, "Ga ɓarnar can." Kuma in an duba, can ɗin ne.

Ni tela ce, labulen dandamali duk ni nake ɗinka masa, shi ya sa na riga kowa ganewa: kunnen Kawu ya fara tafiya. Sai na kira shi sau uku kafin ya juyo, ya ce wai ni ce nake magana kamar sauro. Ban faɗa wa kowa ba. Ranar da aka sani, ranar aikinsa ya ƙare.

Sai ga aikin wani sabon ɗakin wasan kwaikwayo, kujera ɗari takwas, ba taga ko ɗaya. Da tsakar rana ma duhu ne a ciki, ga sanyi, ga warin gam. Injiniya ya auna da na'urarsa ya ce komai daidai, a buɗe. Kawu ya ce atafau. Wai akwai mai amsa masa.

"Wane ne, Baba?" injiniya ya tambaya yana dariya.

"Ina na sani? Ina tafawa, yana tafawa."

Na ce shi ke nan, kunne ya tafi, hankali zai bi shi. Da ma'aikata suka fita cin abincin rana, ya jawo ni layin kujeru na tara ya ce in tuɓe takalmi. Na tuɓe ina mita. Ya tafa. Ƙarar ta zaga ta mutu. Har na buɗe baki zan ce masa ya rufa mana asiri, sai na ji shi: dum! Ta tafin ƙafata ya shigo, kamar an rufe ƙofa a ƙarƙashin ƙasa. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin.

Kwana biyu Kawu yana ƙwanƙwasa bango da guduma, yana manna goshinsa a jiki. A ƙarƙashin matakala ya tsaya ya ce a fasa. Ashe magina sun toshe wani kogo sun manta da shi, tsawonsa daidai kwanciyar mutum. Ba komai a ciki sai bokiti da siminti ya daskare a ciki, da wata iska mai sanyi da ta fito ta taɓa mu. Injiniya ya daina dariya. Ya ce kogon ne ke riƙe kaurin sauti, ya maido shi ta daɓe, a cike shi.

Kawu ya hana kowa taɓawa. Shi ya cusa soso da hannunsa, a hankali, har na ƙosa na ce, "Haba Kawu, sai ka ce mai shimfiɗa wa jariri!" Da ya gama ya koma layi na tara, ya tafa. Sauti ya tafi tas, ya mutu, ba abin da ya dawo. Ma'aikata suka ɗau shewa.

Shi kuwa yana tsaye, ido a rufe, ya daɗe. Da na matsa kusa sai ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, tun bara ba na jin tafina. Nasa kaɗai nake ji, ta ƙafa. Yanzu na rufe masa baki." Ya buɗe ido ya dube ni. "Faɗa mini gaskiya, ɗakin ya yi kyau?"

Na ce ya yi kyau, Kawu. Bai ji ba. Sai na gyaɗa masa kai, hawaye na zubo mini.