Taku Shida na Siminti

Ƙanwata ta yi shekaru tana buga tanis, da shi ta ci abinci, har ƙasashen waje ya kai ta. Amma ni in aka ce tanis, katangar gidanmu na Bungudu nake gani.

A makarantar kwana a Gusau ta koyo wasan. Ta dawo hutu da wani tsohon raket da malamarsu ta ba ta, da ƙwallo biyu da suka gama yin sanƙo. Ba abokin wasa, sai ta kama katanga. Katangar kuwa ta ƙasa ce. Tun hantsi tim, tim, yaɓe na zuba, kaji na watsewa. Ni nake ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa duk shekara kafin damina, don haka na tsani ƙwallon nan, ban kuma ɓoye ba.

Da aka zaɓe ta zuwa gasa a Kaduna, sai magana ta tsaya wurin Baba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Baffanninmu na Tsafe suka zo takanas suka ce ɗiya mace ba ta tsalle gaban jama'a. Inna ta ɗinka mata dogon wando da riga har gwiwa, ta ɓoye a ƙasan akwati. Yarinyar nan ta rataye raket, abinci ma sai an yi da gaske.

Ranar yaɓe na kawo ruwa ina ƙunƙuni, sai ga buhun siminti, a gidan da ko ɗakin Baba bai ga siminti ba. Baba ya auna taku shida daidai inda ta ragargaza, ya shafe sumul da hannunsa. Ya juyo ya ce mata, "Ragar nan taku, ina take tsayawa?" Ta nuna ƙugunta. Ya ja layi da ƙusa tun simintin bai sha iska ba.

Ya ce, "Kwana uku kar ki taɓa. Bayan nan ki yi ta bugu, kar ki je Kaduna ki ba ni kunya."

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ganin ta a filin wasa ba. Yanzu gwiwa ta zaunar da ita, tana koyar da 'yan mata a Gusau. Ni da na tsani ƙarar nan, yau ita nake kewa.

Bara ruwa ya kayar da katangar, wurin simintin kaɗai ya rage a tsaye, da layin ƙusar Baba. Magini ya ce a ture shi a ja sabuwa. Na ce ya fara ture ni.