Na'ibi Mai Mayar da Itace Kan Dutse

Tun kafin rana ta leƙo unguwar Balad ta birnin Jidda, Baba Na'ibi ya gama shan shayinsa a tsaye. Zama ba halinsa ba ne. Matarsa Mastura ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin ya gama cin abinci bai miƙe ya leƙa waje ba. Daga shayi sai saman bene, wurin gwangwanayen madara da ya jera cike da ƙasa, ya bi su ɗaya ɗaya yana taɓawa da yatsa.

A bana, 1978, ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Ya daɗe cikin ayarin masu binciken tsirrai da ke hawa duwatsun Ɗa'ifa, inda itacen ar'ar yake, mai siraran ganye da ƙamshi kamar turaren wuta. Jidda sai gini take yi, gini kuwa dutse yake ci. Kafin masu fasa dutse su sa nakiya, ayarin kan bi gangaren ya duba abin da ya tsiro, a yanki reshe a danne cikin takarda. Bayan shekara a dawo a ga abin da ya rage. Galibi farin rami ake tararwa, da kututture.

Aikin ke nan, a duba a tafi. Na'ibi ne ya kasa tafiya. Abin ya riƙa cin ransa, sai ya soma cika aljihu da 'ya'yan ar'ar yana shukawa a gida. Da sanyi su tsiro, da zafin Jidda ya kankama su ƙone ƙurmus. Ya sake, suka sake mutuwa, gangaren da ya tsinto su kuwa an riga an fasa.

"Malam, wannan itacen ɗan tudu ne," in ji Mastura. "Kai da aka haifa a nan ma da ƙyar kake numfashi. Ka mayar da su garinsu mana, halas, shi ke nan."

Da wace mota? Ta ayarin cike take da kaya. Sai ya tafi Khumra, inda tifofi ke sauke dutse su koma sama fanko. Nan ya tare Abdulwahid, wani direba Bahaushen Sudan.

"Ya ammi, baffana, ni nake sauko da dutsen nan," in ji Abdulwahid, "yanzu kuma in hau da itace? Za a ce mun zautu."

"Bari a ce. Kai dai kada ka ajiye su kusa da injin. Yalla, maza, rana na yi."

Haka Abdulwahid ya soma dasa su a bakin ramin da aka gama da shi, yana tsiyaya musu ruwan salkarsa. Wasu direbobin suka yi dariya, daga baya su ma suka karɓi gwangwani. Awaki sun ci da yawa, ƙura ta kashe wasu. Duk yammacin da tifa ta sauko, Na'ibi na bakin titi yana kai da kawowa, tambayarsa ɗaya: saura nawa?

Kai ne, Baba Na'ibi, ka hana direbobi sakat har suka zama masu dashe. Kai ne mai aika itace inda ƙafarka ta daina zuwa. Wallahi ka ba mu kunya, mu da muke kwana cikin gidajen da aka gina da dutsen nan ba mu taɓa tambayar inda ya fito ba.

Kwanan baya Abdulwahid ya sauko da labari: wasu sun kama, ɗaya har ya kai gwiwa. Na'ibi ya sa shi ya nuna tsayin da hannu, ya sa ya sake nunawa, sannan ya juya kai gefe yana share ido.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu motar da ke hawa Ɗa'ifa, ku biya ta Balad ku ɗauki gwangwani. In akwai wuri a gaba, ku ɗauki mai gwangwanin ma. Har yau bai ga itacen da idonsa ba.