Ranar da na kira sunan 'yar farina

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na ajiye kunya a ƙofar ɗakin surukata ba.

'Yata ta fari tun daga yaye a hannun Hajiya take, mahaifiyar mijina, a gidanmu na unguwar Kabara. Sunan Hajiyar aka sa mata, don haka kunya biyu ce a kaina. Ban kiran sunanta, ban ɗaukarta a gaban mutane. Wata rana ta dafa garwashi da hannun dama. Ƙunar ta warke, amma yatsun suka fara lanƙwashewa zuwa cikin tafi.

A asibiti, mai gashin ƙashi ta duba ta ce tabon ne ke janye su. Ta ba mu wata 'yar roba ta ɗaurewa, ta ce kullum a shafa mai a miƙar da yatsun, ko tana kuka. In suka ƙame, sai tiyata.

Hajiya kuwa ba ta iya jin kukan takwararta. Yarinya na ɓare baki sai ta kwance robar, ta ce, "Wannan ai azaba ce. In ta girma zai buɗe da kansa." Ni kuma ina madafa ina ji, ina kawaici, wai ni mai tarbiyya. Har yau ina jin haushin kaina.

Rannan na hango yarinyar tana kokawa da lomar tuwo. Ta kasa, ta koma ci da hagu. Sai na miƙe, na tsaya a bakin ƙofa, na kira sunanta ƙarara.

"Ke, 'yar fari ce fa," in ji Hajiya.

"Na sani, Hajiya. Ki gafarce ni. A ce mini marar kunya, na yarda. Hannun nan dai sai ya buɗe."

Na zaunar da ita a cinyata a gaban kowa. Tana kuka ina kuka, ina miƙarwa. Haka muka yi watanni, matan gida na ta tsegumi.

Yau ɗinki take yi da hannun nan. Yatsu huɗu sun miƙe sarai, ƙaramin ne ya riga ya ƙame a kwanakin da nake kawaici. Duk sanda na kalle shi sai in tuna: kunyar da za ta nakasa ɗanka ba tarbiyya ba ce. Ba na nadamar maganar da na yi, sai jinkirin da na yi kafin in yi ta.