Yadda Soket Ɗin Motar Kawu Ya Koma Kujerar Baya

Shekaru sun ja, ni kuwa ba na cika amincewa da ƙwaƙwalwata ko a kan abin da na ci jiya. Don haka idan na ce abin ya faru a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin wahalar man fetur, a karɓa da sassauci. Na dai tabbata na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidan kawuna a Ƙofar Kibo ina jiran aiki.

Kawu ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sayi mota 'yar Kwatano, ruwan toka, ko kuma shuɗiya ce da ta koɗe. Lungunmu ba ya cin mota, sai ya kafa mata rumfar kwano a bakin hanya, kusa da ganuwa. Lafiyarta ƙalau, in ban da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari da ke kunna kanta duk bayan mako biyu ko uku. Yanzu ina zargin man bumburutun da muke ɗura mata, amma ba ni da hujja.

A iya sanina, mutum ɗaya ne yake da na'urar da ke karanta abin da fitilar take nufi, ta kuma kashe ta: wani dattijo mai rewaya, wato gyaran wayoyin mota, a Tudun Jukun, muna ce masa Baba. Taubashin Kawu ne. Kawu ɗan namiji, Baba ɗan mace, saboda haka tun suna yara Kawu ke kiransa bawansa, shi kuma yana ramawa da abin da ya samu. Dokar wasan ɗaya ce: wanda ya yi fushi shi aka ci.

Matsalar tana wurin soket ɗin da ake jona na'urar. Waɗanda suka ƙera motar sun cusa shi can ƙarƙashin sitiyari, dab da birki, ga shi ya saki, sai an danne filogin da hannu har a gama. Sannan dole wani ya zauna a kujerar direba yana murza makulli idan an ce ya murza, Kawu kuwa ya ce matuƙar yana wurin babu mai taɓa masa makulli. Ma'ana, duk zuwa sai Baba ya durƙusa a ƙasa a bakin ƙofa, kansa daidai gwiwar Kawu.

Kawu bai daɗe ba ya gano daɗin wannan tsari. Ya daina zuwa da safe, sai bayan la'asar, lokacin da bencin ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon Baba ya cika da mai faci da telan unguwa da sauran masu hira. Ya sa babbar riga. Baba na durƙusawa sai ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya ce:

"An gaishe ka, bawan kirki. Tashi haka nan, na yafe maka."

Benci ya kwashe da dariya. Baba ma yakan yi dariyar, amma ni da nake riƙe masa fitilar hannu ina jin ƙarar gwiwarsa idan zai miƙe, ina kuma ganin ƙasar da ke manne a wandonsa. Har ta kai masu wucewa sun fara gaishe shi da "an gaishe ka", a ƙofar shagonsa, gaban mutanen da suke kawo masa aiki.

Wata rana Kawu ya tafi ƙauye biki na kwana uku. Ya bar mini makulli da sharaɗin in riƙa ɗuma injin da safe, kada taya ta motsa. Washegari da hantsi sai ga Baba a kan tsohuwar Besfarsa, da jakar kayan aiki da naɗin waya. Ya ce gwiwarsa ta gaji, yana so ya ɗan matsar da soket ɗin inda hannu zai kai ba tare da wahala ba, kuma yana buƙatar ɗan boko ya rubuta masa launin kowace waya don kada a haɗa su a karkace. Na ce a jira Kawu. Ya ce ai taya ba za ta motsa ba. Na juya sharaɗin a raina ta kowace fuska, na ga lalle bai hana wannan ba.

Na ɗauko littafi na ja layi da rula. Ramukan soket ɗin goma sha shida ne, amma wayoyin da ke ciki tara ne, ko goma. Kafin ya yanke kowace sai na rubuta launinta da lambar raminta, na karanta masa, na sake karantawa, har ya ce ko a kotu ba a yin haka. Yana ƙara wa kowace tsawo, ya like da dalma, ya naɗe da baƙin salatif. Na lura tsawon ya yi yawa ga abin da aka ce za a ɗan matsar, na kuma lura ya ɗaga kafet har ya cire kujerar baya. Na tambaya, ya ce waya ba ta son a takura ta. Ni tarihi na karanta, sai na ci gaba da rubutuna. Ba zan rantse cewa ban gane inda aka dosa ba.

Kawu ya dawo ya zagaya motarsa, bai ga komai ba. Na yi kwana goma ina shirya yadda zan gaya masa, kullum ina ɗagawa zuwa gobe, har fitilar ta riga ni.

Ran nan benci ya fi kullum cika. Ina jin an yi gayya. Baba ya fito da farin kaftani mai guga da hular zanna, ba kayan aiki ba. Kawu ya buɗe ƙofarsa ya gyara zama, har ya fara dunƙule hannu. Baba ya wuce shi, ya zagaya, ya buɗe ƙofar baya ta dama, wurin zaman mai mota. Ya zauna, ya sauke majinginin hannu na tsakiya, ga soket a ciki an ɗaure shi da sukurori biyu. Ya jona na'ura, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Direba, tayar da mota."

Kawu ya sunkuya ya lalubi ƙarƙashin sitiyari, ya tarar da rami. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dage da kallon madubin gefe. Idan ya yi fushi an ci shi, idan ya fita ya ba ni makulli ya karya maganarsa. Sai ya murza.

"Kashe. Sake tayarwa. Taka totur a hankali, wa ya koya maka tuƙi?"

Daga nan Baba ya ce irin wannan matsalar ba ta nuna kanta sai mota na tafiya. Muka bi ta Tudun Wada har Ƙofar Doka, Baba ya sauke gilashi, yana ɗaga wa mutane hannu, yana cewa direba ya kula da ramuka. Da muka dawo telan ne ya taso ya buɗe masa ƙofa.

A hanyar gida Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaya ko rubutuna ne a takardar launuka da ya gani a jakar Baba. Na ce mai yiwuwa. Ya ce madalla, karatu ya yi rana.

Bai nemi a mayar da soket ɗin ba, domin mai mayarwar Baba ne, kuma sai an roƙe shi. Da fitilar ta sake kunnawa, ya yanki baƙin salatif ya manna mata. Haka ya ci gaba da hawan motar har ya sayar, ni kuma na yi ta fargabar abin da take faɗa a ƙarƙashinsa.

Dukansu biyun sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Amma na san akwai sauran waɗanda suka zauna a bencin nan. Idan na yi kuskure a launin motar, ko yawan wayoyin, ko hanyar da muka bi, don Allah su aiko mini da gyara. Akwai kuma masu cewa an ji ni ina dariya a kujerar gaba. Ni dai a tunanina tari ne, amma wanda ya fi ni kusa da taga yana iya faɗin abin da ya ji.