Ranar da Inna Ta Shiga Tallajar Kaji

Ko na manta komai na zamanmu a unguwar Nakkasa ta Makka, ba zan taɓa manta ranar da Inna ta shiga tallajar kaji, wato ɗakin sanyin da ake daskarar da su, saboda ni ba.

A lokacin ina dafa wa wani Balarabe abinci, mutum mai son farauta da shaho kamar me. Wata shekara, bayan an sauko daga Arfa, ya ce zai tafi da ni Mongoliya, ƙasar da za ka wuni a mota ba ka ga gari ba, sai ciyawa da makiyaya da dawakinsu. Ya ja mini kunne cewa can babu kanti, babu asibiti kusa, abin da ka ɗauko shi ke gare ka, sanyinsu kuma ba na wasa ba ne. To ni haifaffen Makka, sanyin da na sani bai wuce na Ɗa'ifa ba. Na yi ta yawon kasuwa cikin rana har na samo wata jaket, na haɗa da safa da tocila da maganin ciwon ciki, na dawo gida ina jin kaina.

Inna ta murza jaket ɗin da yatsa biyu, ta taɓe baki. "Ya waladi, ɗana, da wannan za ka? Ba inda za ka sai na ga tana tare sanyi."

Ban taɓa tsallake maganarta ba. In ta ce a'a, tafiya ta fasu, wataƙila har da aikin.

Maƙwabcinmu, wani dattijo Basakkwace, yana gadin siton da ake ajiye daskararrun kaji na abincin alhazai. Wurinsa ta kai ni tsakar rana, ina sanye da jaket, gumi na zuba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya buɗe mana ƙofar ɗakin sanyin. Ina sa ƙafa na ga ta biyo ni da abayarta da silifas.

"Inna, ki tsaya waje mana!"

"Uskut, yi mini shiru. So nake in ji abin da za ka ji."

Muka tsaya tsakanin kwalaye. Ba a jima ba haƙorana suka fara haɗuwa, ita kuwa leɓenta na rawa, amma idonta na kaina. Da muka fito ta ce, "Halas, shi ke nan. Ba za ka ba."

Wallahi na ji haushi, na yi ta kumbure-kumbure a gida. Sai wata safiya na tarar da ita da almakashi tana yanka bargon da suka zo da shi daga ƙasarmu ta hanyar Sudan ita da Baba, bargon da tun rasuwarsa ba ta yarda kowa ya lulluɓa da shi ba. Ta ɗinke shi cikin jaket ɗin da hannu, har na koma kamar katifa mai tafiya. Muka sake komawa tallaja. Wannan karon ta zura hannu ta wuyana ta dafa ƙirjina, ta ji da ɗumi.

"Tayyib. Je ka, Allah ya tsare."

Gaskiya sanyin can ya fi ƙarfin bargon, sai da makiyaya suka ara mini rigar fatar tunkiya. Amma a wani tantinsu na ulu, wata tsohuwa da ta ba ni shayi mai gishiri ta juya wuyan jaket ɗin, ta bi ɗinkin da yatsa. Ba ma jin yaren juna. Ta nuna ɗanta da ke gefe, ta nuna kanta, ta dube ni. Na gyaɗa kai, hawaye suka zubo mini a gaban mutane.

Inna ta rasu, gidanmu ma an rushe shi, ko wurin ba na iya ganewa. Ina kewarta ƙwarai. Na yi tafiye-tafiye bayan wannan, na iya haɗa jaka yanzu, kowane kaya na san inda ake sayensa. Abin da na koya shi ne, in kana da mai tsayar da kai a bakin ƙofa ta ce ba ta yarda da shirinka ba, kada ka yi fushi. Akwai ranar da za ka fita da jakarka ba wanda ya taɓa ta.